Daga Bangon Rangun Zuwa Ƙasar Dutsi: Yadda A Ke Neman Dangin Sojan Da Bai Komo Ba

Akwai wata tsohuwa a ƙasar Dutsi, can tsakanin Katsina da Daura, wadda ta haura shekara 80 a duniya ba ta taɓa sa ubanta a ido ba. Tana ciki ya shiga soja, aka haife ta ba ya nan, har aka yaye ta bai komo ba. Daga baya uwarta ta yi aure a wani ƙauye, ta tafi da ita agola. Can ta girma, can aka yi mata aure. Iyakar abin da ta gada daga wajen uba abu biyu ne: laƙabin da uwarta ke kiransa da shi don alkunya, da magana guda da ta tashi tana ji, wai ya tafi yaƙin Bama.

Jikanta ɗalibi ne a kwalejin horon malamai inda mu ke aiki. Shi ya zo mana da maganar wata rana bayan an tashi daga aji. Ya ce, "Malam, kakata ta hana ni sakat. Ta ce tun da an ce mun yi karatu, in nemo mata inda ubanta ya ke kwance, in kuma nemo mata 'yan'uwansa, ko Allah Ya sa ta taka gidansu kafin ta cika." Muka ɗauki aikin tare da shi. Abin da muka koya a cikinsa shi mu ke so mu shimfiɗa wa malaman makaranta da malaman ofisoshin hakimai, magada aikin En'e, gama irin wannan tsohuwa ba ita kaɗai ba ce a ƙasar Hausa, kuma ku za a fara tunkara da tambayar.

INDA AYARINSU YA BI

Kafin a nemi wanda ya ɓace, sai an san hanyar da ayarinsu ya bi. Tun 1897 Turawan Ingila suka fara haɗa rundunar sojan Afirka ta Yamma a hannun Lugga, kuma tun daga farko 'yan Arewa suka yi yawa a cikinta, har Hausa ta zama harshen bariki. A yaƙin duniya na farko, 1914 zuwa 1918, sojan Nijeriya sun kara da Jamus a Kamaru, a Garwa da Banyo da dutsen Mora, sa'an nan aka kai su Afirka ta Gabas. A yaƙi na biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, Afirka ta Gabas ɗin aka fara kai su, inda cikin 1941 suka fafari sojan Italiya tun daga Mogadishu har Harar ta ƙasar Habasha.

Cikin 1943 aka kafa manyan rundunoni biyu, ta 81 da ta 82, aka kwashe su a jiragen ruwa ɗaya bayan ɗaya zuwa Indiya, daga nan suka shiga Bama don su tare sojan Japan. Ta 81 ta sha fama a kwarin kogin Kaladan cikin 1944. Bataliya uku na Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, aka ware su aka haɗa da mayaƙan Janar Wingate da a ke kira Chindit, masu yaƙi a bayan abokan gaba. Ta 82 ta ratsa ƙasar Arakan, cikin Janairu 1945 aka ci garin Myohaung. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya hau gadon sarauta cikin 1944, ya tafi har can ya gano mutanensa. Wanda ya san Kaduna da Zariya ya san barikin Dalet da na Kalapanzin da na Chindit. Sunayen nan duka daga yaƙin Bama aka samo su. Japan ta sallama cikin Agusta 1945, akasarin sojanmu suka komo gida cikin 1946. Waɗanda ba su komo ba, harsashi ya ci waɗansu, zazzaɓi da atuni suka kwantar da waɗansu, waɗansu kuwa ruwa ya tafi da su.

Amma fa mai bincike ya yi hattara tun daga nan, don ba duk wanda ya bar gida a shekarun nan ba ne ya sa kakin soja. Daga 1942 zuwa 1944 Gwamnati ta yi ta ɗiban mutane a kan tilas daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, abin da talakawa suka sa wa suna ɗiban gwamna, kuma da yawa sun mutu can. Har wa yau ƙasar Daura tana kan iyaka da Damagaram, waɗansu samari sun ƙetara sun shiga sojan Faransa, waɗansu daga can sun ƙetaro sun shiga na Ingila. A bakin jikoki duk waɗannan sukan taru su zama "ya tafi yaƙi". Saboda haka tambayar fari ita ce: wa ya gan shi da kaki, ko wa ya karɓi wasiƙarsa?

ABIN DA TAKARDA TA RIƘE

Akwai hukuma a Ingila mai kula da kaburburan waɗanda suka mutu a yaƙoƙin duniya biyu daga ƙasashe renon Ingila. An kafa ta cikin 1917, tana riƙe da sunayen mutum wajen miliyan 1 da dubu 700. Wanda ya mutu yana soja tsakanin 3 ga Satumba 1939 da 31 ga Disamba 1947 yana cikin lissafinta na yaƙi na biyu, ko a fagen fama ya faɗi, ko a asibiti. Rajistarta tana intanet, kowa na iya dubawa kyauta. Ga kowane mamaci za ka tarar da suna, da muƙami, farabiti ne ko kofur ko saje, da lambarsa ta soja, da bataliyarsa, da ranar rasuwa, da wurin da aka binne shi ko aka rubuta sunansa.

Babbar maƙabartar yaƙin Bama tana Taukyan, kamar mil 20 arewa da birnin Rangun, wanda yanzu a ke kira Yangon, ƙasar kuma tun 1989 a ke ce mata Myanmar. Akwai kabari fiye da 6,000 a cikinta. A tsakiyarta aka gina dogon bango mai ginshiƙai, aka buɗe shi ran 9 ga Fabrairu 1958, an sassaƙa masa sunan mutum kusan 27,000 waɗanda ba a san inda kabarinsu ya ke ba. 'Yan Nijeriya suna da yawa a jikinsa. Waɗansu kuma suna kwance a Citagon da Maynamati, cikin ƙasar da yanzu ta zama Bangaladash. Waɗanda suka rasu a gida Nijeriya ba a san kabarinsu ba, akwai bangon tunawa da su a Abuja.

Kada a ɗauka rajistar nan ta haɗiye kowa. Cikin Afrilu 2021 hukumar da kanta ta fitar da rahoto, ta amsa cewa bayan yaƙin duniya na farko ba a yi wa baƙaƙen fata da mutanen Asiya adalci ba: aƙalla mutum 116,000, watakila har 350,000, ba a rubuta sunansu ko'ina ba, ko ba a tuna da su sam. Ministan tsaro na Ingila na lokacin, Ben Wallace, ya ba da haƙuri a gaban majalisa. To, wanda kakansa ya tafi Kamaru ko Afirka ta Gabas a yaƙin farko, musamman in ɗan ɗaukar kaya ne, yana iya dubawa ya rasa shi, ba kuwa don labarin gidansu ƙarya ne ba. Na yaƙi na biyu sun fi samun shiga.

INDA TAKARDA TA TSAYA

Da muka buɗe rajistar nan tare da ɗalibinmu, sai muka ga wahalar da ke gabanmu. Baturen Ingila da ya mutu a Bama, sau da yawa za ka ga an rubuta ɗan wane da wance ne, mijin wance, na gari kaza. Sojanmu kuwa wannan gurbi yakan kasance wayam. Sunan ma da aka rubuta ba irin wanda gida ta sani ba ne. Al'adar bariki ita ce a ɗauki sunan mutum a liƙa masa sunan gari: wane Kano, wane Sakkwato, wane Katsina, wane Daura. Sunan uba ya faɗi ke nan tun a bakin ƙofa.

Sunan garin ma ba abin dogara ba ne ƙwarai. Saurayi daga wani ƙauye na ƙasar Dutsi, in malamin soja ya tambaye shi garinsu a Kano ko Zariya, zai fi saurin ambaton babban birnin da aka sani, Katsina ko Daura. In ma ya ce Dutsi, ai akwai Dutse ta ƙasar Kano, wadda yanzu ita ce babban birnin Jihar Jigawa, ga kuma Dutsin-Ma, Bature kuwa ba ya rarrabe su a rubutu. Wani ya gudo ne daga gida saboda bashi, ko rigimar aure, ko faɗa da dagaci, ya sake suna da gari da gangan don kada a biyo sawunsa.

Sa'an nan ga sha'anin sunayenmu. Mutum guda yana iya zama Abubakar a bakin liman ranar suna, Garba a bakin abokai, Tanko a bakin kakarsa don ya biyo mata, Dogo a bariki. Abdullahi ya zama Audu, Usman ya zama Shehu, Ibrahim ya zama Iro, Muhammadu ya zama Mamman. Matarsa ba ta faɗin sunansa, uwarsa ma in ɗan fari ne ba ta faɗi. Ga shi kuwa mata su ne masu riƙe labari. Haka ya faru ga tsohuwarmu: laƙabi kaɗai ta sani. Sai da muka sha tambaya kafin muka gane sunan yankan da laƙabin ke sakayawa. Da muka gwada shi da Katsina, muka gwada shi da Daura, sai rajista ta ba mu mutum fiye da ɗaya. Wanne ne nata? Takardar Turawa ta kawo mu bakin gari ta tsaya.

TAKARDUN GIDA

Daga nan sai a juyo ga takardun da kakanninku na aiki suka rubuta. Na farko shi ne littafin haraji. A zamanin En'e kowace shekara a kan ƙidaya masu biyan haraji unguwa unguwa, gida gida, malamin hakimi ya rubuta mai gida da baligan da ke ƙarƙashinsa. Inda irin wannan littafi ya tsira daga gara da ruwan sama, yana nuna abu biyu masu daraja: sunan mutum haɗe da gidan da ya fito, da shekarar da sunansa ya ɓace daga jeri. An ci gaba da haraji da jangali har 1979, sa'ad da Gwamna Balarabe Musa ya soke su a Jihar Kaduna, wadda Katsina da Daura ke cikinta kafin a yanke Jihar Katsina cikin 1987. Tun da aka daina karɓa aka daina kula da littattafan, shi ya sa kowane ɗaya da ya rage ya zama dukiya.

Na biyu shi ne littafin alƙali. Matar da mijinta ya ɓace ba ta da ikon yin wani aure sai ta kai ƙara. Littafin Risala, wanda kowane almajirin fiƙihu ya sani, ya yanka mata jiran shekara 4 daga ranar da ta kai maganar gaban hukuma, sa'an nan ta yi takaba wata 4 da kwana 10, dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an kai shekarun da irinsa ba ya wuce su a raye. Malamai sun rarrabe hukuncin wanda ya ɓace a fagen fama da na wanda ya ɓace a tafiya, amma ko wanne ne sai an tsaya gaban alƙali, alƙali kuwa ba ya yanke hukunci sai an ambaci miji da ubansa da shaidu. Haka kuma rabon gado: a nan a ke jera 'ya'ya da mata da 'yan'uwa ɗaya ɗaya. Littattafan nan da Larabci ko ajami aka rubuta da yawansu, don haka a tafi da wanda ya iya karanta su.

Wannan ya ba mu haske ko da ba mu riƙe littafin a hannu ba. Tsofaffin ƙauyen da tsohuwar ta girma sun ji daga iyayensu cewa uwarta ba ta yi takaba a kan kari ba, ta daɗe tana zaman jira, sai daga baya aka je wurin alƙali. A zamanin nan saƙon Gwamnati ta hannun Di'o ya ke biyowa, zuwa fadar Sarki, zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa. Da takardar rasuwarsa ta iso gida, da ba a yi wannan jira ba. Watau ke nan sunan da ya bayar a bariki bai kai ɗan saƙo ƙofar gidansu ba.

Na uku su ne manyan ma'ajiyai. Gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa, wanda Dokta Kenneth Dike ya assasa cikin 1954, yana da reshe a Kaduna inda fayilolin lardunan Arewa su ke. A nan sai mai bincike ya tuna yadda aka yi ta sake iyakar larduna. Lardin Katsina, mai haɗe da masarautar Katsina da ta Daura, sai cikin 1934 aka kafa shi. Kafin nan Daura tana Lardin Kano, Katsina kuwa ta zauna a Lardin Kano, daga 1926 ta koma na Zariya. Mai neman sojan yaƙin farko ya duba takardun Kano, mai neman na yaƙi na biyu ya duba na Katsina. Akwai kuma Gidan Arewa a Kaduna, da hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Katsina, da ofisoshin ƙungiyar tsofaffin sojoji. Tsofaffin jaridun Hausa na shekarun yaƙi ma suna ɗauke da labaran soja da wasiƙunsu.

ABIN DA KE BAKIN MUTANE

Duk da haka ba a ofis muka sami bakin zaren ba. Ran da muka je gaishe da tsohuwar, muka zauna a zaure aka shimfiɗa mata tabarma, muka ce, "Iya, a ina aka yi sunanki?" Ta ce, "Wallahi ɗan nan, ban sani ba. An dai ce mini ba nan ba ne." Muka ce, "To, wannan zane da ke fuskarki fa, irin na gidan da kika girma ne?" Ta yi dariya ta ce, "Ina! Ai da shi 'yan'uwana na ɗaki ke tsokanata muna yara, wai ni baƙuwa ce."

Ashe takardar haihuwarta tana fuskarta shekara 80 ba wanda ya karanta. Tsagar gado ta gidan uba ce, wanzamin gidan uba ke yin ta ranar suna. Wanzanci kuwa gado ne, kuma kowane gidan wanzamai yana da gidajen da ya gaji yi wa aski da kaciya da zane tun kaka da kakanni. Muka nemi dattijon wanzamai na yankin, ya dube ta da kyau, ya ambaci unguwanni biyu da a ke irin wannan zane. A ta biyu muka tarar da wani dattijo wanda ya tashi yana jin ubansa na faɗin wani ƙanensa da ya shiga soja ya bar mata da ciki, aka haifi mace, daga baya uwar ta tafi da ita, zumunci ya yanke. Laƙabin da ya ambata shi ne wanda tsohuwar ta riƙe.

Ga waɗansu ƙofofi da ya kamata mai bincike ya ƙwanƙwasa, bayan ta wanzamai. Gidan liman, don su ke raɗa suna su ɗaura aure. Maroƙa da makaɗa, don sana'arsu ce riƙe salsalar gidaje. Tsofaffin mata, musamman gwaggo da inna, don su suka san wa aka ba wa riƙo, wa ya tafi agola, wace ta fita ta auri wa. A kuma kasa kunne ga sunayen yara. Inda ka ji Audi, a bincika ko an haife shi bayan rasuwar ubansa. Inda ka ji Talle, akwai maraici a kusa. Inda aka cika kiran yaro Baba ko Abba, sunan wani babba aka mayar.

Tsofaffi ba su lissafi da shekarun Turawa, don haka kada a matsa musu da "wace shekara?" A tambaye su da abin da ya auku. Kafin yunwar 'Yar Gusau ne ko bayanta? Wannan ya kai ka wajen 1942. Sarki Dikko na da rai ko Nagogo ya hau? Wannan ya raba maka kafin 1944 da bayanta. A ƙasar Daura wannan ma'auni ba ya aiki, gama Sarki Abdurrahman ya yi sarauta tun daga 1911 har 1966, yaƙoƙin biyu duk a zamaninsa aka yi su. Can sai a nemi sarautar hakimi ko ta dagaci a auna da ita. Mai neman na yaƙin farko kuwa yana da yunwar Kakalaba ta 1914.

INDA HANYOYIN BIYU SUKA HAƊU

Yanzu mun sami gida, mun sami suna a bango, saura abin da zai ɗaure su. Abin nan shi ne lambar soja. Suna yana maimaituwa, lamba ba ta maimaituwa. Ta sojan Nijeriya a yaƙi na biyu takan fara da haruffan NA, ta mutanen Gwalkwas, watau Ghana ta yau, da GC. A kan same ta a kan wasiƙar da soja ya aiko gida, da littafin albashinsa, da takardar sallama ta wanda ya komo. Lambobin girma da a ke ratayawa a ƙirji kuwa sai a lura: na yaƙin farko an buga suna da lamba a jikinsu, na yaƙi na biyu irin su Tauraron Bama akasari Ingila ta raba su ba suna. Samun tauraro a adakar gida shaida ce wani ya je Bama, amma ba ta faɗin ko wane ne.

A gidan da muka gano ba a ajiye ko ƙyallen takarda ba. Sai dattijon ya ce ai ba shi kaɗai ya tafi ba, su biyu ne da abokinsa, rana ɗaya suka bar gari, abokin ya komo ya daɗe a duniya. Muka je gidan abokin, ɗansa ya buɗe adaka ya fito da takardar sallamar ubansa a naɗe cikin tsumma. Ga amfaninta: waɗanda aka ɗauka rana ɗaya a wuri ɗaya, a jere a kan ba su lamba. Muka gwada lambar abokin da ta mutanen da rajista ta ba mu. Ɗaya daga cikinsu tasa tana dab da ita, sauran sun yi nisa. Sunansa yana bangon Rangun.

Ko a nan ba mu yi gaggawar kai albishir ba. Mun ɗauki ƙa'idar alƙali, ba a yanke magana da shaida ɗaya. Sai da suna ya dace, lokacin tafiya ya dace, lamba ta dace, labarin gidaje biyu da ba su haɗa baki ba ya dace, kana muka koma wurinta. Muka gaya mata ba a san kabarinsa ba, amma an san ranar da ya rasu, sunansa kuma yana sassaƙe a dutse a wata ƙasa mai nisa. Ta yi shiru, can ta ce, "Ashe ba gudunmu ya yi ba." Shekara da shekaru abin da ke cin ranta ke nan, ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Bayan sati biyu aka kai ta gidan ubanta, aka tara malamai aka yi masa addu'a, aka yi sadaka.

WANI YA RIGA MU

Kada wani ya ce nisan wuri da daɗewar zamani sun rufe irin wannan ƙofa. Isaac Fadoyebo, mutumin Emure-Ile kusa da Owo, ya shiga soja yana ɗan shekara 16. Cikin Maris 1944 sojan Japan suka auka wa ƙungiyarsu ta ma'aikatan asibiti a bakin kogin Kaladan, suka kashe da yawa, shi kuma aka harbe shi a ƙafa aka bar shi a kan ya mutu. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi tare da Saje David Kargbo na Saliyo, ya ciyar da su wata da watanni, alhali da an gane da ransa za a biya. Fadoyebo ya komo gida ya rubuta labarinsa. Bayan shekaru masu yawa wani ɗan jarida Bature, Barnaby Phillips, ya ci karo da rubutun a gidan tarihin yaƙi na London, ya nemo Fadoyebo a Ikko, sa'an nan cikin 2011 ya tafi Arakan da wasiƙar godiyarsa yana tambaya ƙauye ƙauye, har ya sami zuriyar Shuyiman, su ma suna riƙe da labarin baƙaƙen sojan nan biyu. Fadoyebo ya rasu cikin 2012, bayan ya ji saƙonsa ya isa. A can ma takarda ce ta fara aikin, bakin mutanen ƙauye ya ƙarasa shi.

ROƘONMU GA MALAMAI

Akwai abin lura kafin a shiga gidajen mutane. Wannan bincike yana iya tono abin da aka binne: gonar da aka raba ba a sa marainiya ba, ko auren da aka ɗaura kafin wa'adi ya cika. A fara da sallama wurin hakimi da dagaci, a bayyana cewa zumunci aka zo nema. In maganar gado ta taso, a bar ta ga alƙali. Kada kuma a sa wa kowa ran za a samo masa kuɗi daga Ingila, don wannan shi ke sa a ƙirƙiro dangantakar da babu ita. Wanda ya ce ba ya so a tona, a ƙyale shi.

Sa'an nan ga aikin da ba ya jira. Waɗanda suka je Bama kusan duk sun kwanta dama, Allah Ya jiƙansu. 'Ya'yan da suka bari a ciki ko a goye sun haura 80. Malamin makaranta yana iya sa kowane ɗalibi na babban aji ya zauna da kakarsa ya rubuto sunayen gidansu hawa huɗu, sunan yanka da laƙabi, da na mata, da inda kowa ya tafi, da wanda bai komo ba. Malamin ofishin hakimi yana iya shiga ɗakin ajiya ya tsamo tsofaffin littattafan haraji, ya kakkaɓe su, ya ɗauki hoton kowane shafi da wayarsa kafin damina ta sake bi ta kansu. Wanda ya ga takardar sallama a adakar gidansu ya kwafe lambar a wuri biyu, don wata rana ita za ta fitar da maƙwabci daga duhu, yadda ta abokin nan ta yi.

Hanyar nan ba ta tsaya ga yaƙin Bama ba. Akwai waɗanda suka tafi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ba su komo ba, da na Laberiya da Saliyo, da na Arewa maso Gabas, kowannensu ya bar wani yana jira. Kowace shekara ran 15 ga Janairu a kan taru a ajiye furanni don tunawa da mazan jiya. Muna roƙon kowace makaranta a ƙasar Dutsi da kewayenta, Mashi da Mani da Ingawa da Sandamu, ta kai wannan rana da jerin sunayen nata mutanen a rubuce, kowane da sunan ubansa da unguwarsu, a karanta wa yara, a ajiye kwafi a ofishin hakimi. Allah Ya ba mu ikon sada zumunci, amin.